Gero, Maiwa da Tiya: Hausa a Karatun Tsirrai da Koyar da Kasuwanci

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi fannoni biyu na karatun jami'a, wato kimiyyar tsirrai da horar da malaman kasuwanci, tare da misalai daga jamhuriyar Nijar. Dalilin haɗa su shi ne, duk wanda ya ƙware a ɗayansu da Faransanci yake karatu, amma ranar da ya fita aiki, manomi da ɗan kasuwa zai tarar, kuma da yawansu Hausa suke ji. Manufarmu ita ce mu nuna cewa Hausa kayan aiki ce a waɗannan fannoni.

2.0 Kimiyyar Tsirrai

A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka raɗa wa wannan suna a 1992, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ɗalibi kan yi shekara 3 kafin ya sami digirin farko. Yana koyon ƙirar saiwa da kara da ganye, da yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, da ilimin gado, da cututtukan shuka. Yana kuma koyon rarraba tsirrai bisa tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, inda kowane jinsi ke da suna mai kalma biyu da Latinanci.

To, a nan ne matsalar harshe ke ɓullowa, domin rabon da Bahaushe ya yi wa tsirrai ba kullum yake dacewa da na littafi ba. Ga misalai biyu.

Na farko, gero da maiwa da dauro duk jinsi ɗaya ne a kimiyya, wato Pennisetum glaucum. Amma manomi ya san gero na nuna da wuri, maiwa kuwa sai ƙarshen damina, dauro kuma dasa shi ake yi. A nan Hausa ta fi sunan Latinanci bayani.

Na biyu, akasin haka. Ciyawar nan da ake kira ƙuduji ko wuta-wuta suna ɗaya take amsawa, alhali wadda ke shan gero da dawa ita ce Striga hermonthica, wadda ke shan wake kuwa Striga gesnerioides. Irinta kan daɗe a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsira sai ya ji wani sinadari daga saiwar shukar da zai kama. Saboda haka malamin gona da zai ba da shawarar sauya shuka, dole ya tambaya: ƙudujin hatsi ne ko na wake? In bai bambance ba, shawararsa na iya jawo asarar damina guda.

Tattara waɗannan sunaye tsohon aiki ne. Tun a 1916 Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Sai dai suna kan sauya daga karin harshe zuwa wani, don haka aikin bai ƙare ba.

Haka nan sanin manomi kan riga na jami'a. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, shi ya sa ba ya hana hatsi rana, kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Aikin barin kututture su tofo a gonaki, wanda ya bunƙasa a jihar Maraɗi daga 1983, an ƙiyasta ya shafi eka ta hekta wajen miliyan 5 a ƙasar. Da bakin manoma ya yaɗu, daga gari zuwa gari.

3.0 Malamin Kasuwanci

Wanda ake horarwa don koyar da kasuwanci yana ɗaukar darussa iri biyu. Akwai na fannin kansa, kamar lissafin shiga da fita, tattalin arziki da dokokin ciniki. Akwai kuma na dabarun koyarwa, tare da gwajin aiki a aji.

Shi ma Hausa ta tanadar masa kalmomi: jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, bashi, jingina, dillali, la'ada, adashi. Abin lura shi ne a tsai da ma'anar kowace. Sau da yawa ɗalibi kan ɗauki ciniki a matsayin riba, alhali riba ita ce abin da ya rage bayan an fitar da uwar kuɗi da kuɗin mota da dako da haraji. Haka kuma tiya cika take aunawa, ba nauyi ba. Tiyar gero ta kai wajen kilo biyu da rabi, amma ta gyaɗa mai ɓawo ba ta kai haka ba. Malamin da bai fayyace wannan ba, lissafin ɗalibansa ba zai dace da na kasuwa ba.

4.0 Mahaɗar Fannonin

Mu ɗauki wake. Da kaka yana araha, da bazara ya yi tsada, amma ƙwaro kan cinye shi a rumbu, sai manomi ya sayar da wuri. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Wannan bayanin masanin tsirrai ne. Ko ribar jira za ta rufe kuɗin buhun da na ajiya, wannan kuma lissafin malamin kasuwanci ne. Manomi yana buƙatar duka biyun, da harshen da yake ji.

5.0 Kammalawa

A 2025 kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ya ɗora wa ɗaliban harshe nauyi. Don haka ana son kowane ɗalibi ya tattaro sunayen tsirrai 20 da kalmomin ciniki 20 daga garinsu, ya rubuta wurin da ya ji kowace da ma'anar da masu ita suka ba ta.