Ruwan kwata na riga likita sanin cutar da ta shigo gari

A watan Yunin 2022 hukumomin lafiya na Birtaniya suka sanar da cewa an gano ƙwayar cutar shan inna a Landan. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne babu yaron da aka kai asibiti da shanyewar ƙafa. A cikin ruwan kwata aka same ta, a matatar Beckton da ke gabashin birnin, wadda ke karɓar ruwan bayan gida na mutane kusan miliyan 4. Zuwa watan Agusta sai aka nemi iyaye su kai duk yaro ɗan shekara 1 zuwa 9 a Landan a ƙara masa allurar rigakafi.

Wannan fanni nake karatun digiri na biyu a kansa a nan Ingila, kuma duk lokacin da na faɗa wa ’yan uwa cewa ruwan kwata nake bincike, sai su yatsine fuska. Amma dalilin yin aikin a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 200 da suka kamu da shan inna, kusan ɗaya ne ke shanyewa. Akasarin sauran ba sa ma sanin sun kamu, alhali suna fitar da ƙwayar a bahaya har tsawon makonni. Idan aka jira sai an ga gurgun yaro, to cutar ta riga ta zaga unguwa.

Nemo ta cikin ruwan shi ne jan aikin. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, sai an jera sama da 30,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, ga shi kuma ta gauraye da sabulu da maiƙo da laka. Akan ɗebo kamar lita ɗaya, a sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaje-gwaje. A can mukan juya ruwan a na’ura har dattin ya kwanta, sannan a zuba wasu sinadarai biyu a bar shi ya kwana a firij. Washegari ruwan ya rabu gida biyu, ƙwayoyin cutar sun taru a ɗan ƙaramin kaso. Wannan kason ake ɗigawa a kan ƙwayoyin halitta masu rai da ake rainonsu a kwalba. In suka soma lalacewa cikin ’yan kwanaki, alama ce akwai baƙo. Daga nan gwajin PCR ya faɗi nau’inta, sai a karanta jerin ƙwayoyin gadonta don a san danginta da inda ta biyo.

Karatun nan ne ya nuna cewa ta Landan ’yar uwa ce ga wadda aka samu a Ƙudus, da kuma wadda ta shanye wani matashi da bai yi rigakafi ba a gundumar Rockland ta jihar New York a Amurka, duk a 2022. Asalinsu daga rigakafin ɗigo ne, wanda Birtaniya ta daina amfani da shi tun 2004 ta koma allura.

Na san wasu za su ce, to ashe ɗigon ne ke kawo cutar. Ɗigon na ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana samun kariya, kuma yana fitar da ita a bahaya na ɗan lokaci. Inda yawancin yara suka yi rigakafi, ba ta samun wurin zama, sai ta mutu. Inda aka bar yara da yawa ba kariya, takan yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan tsawon watanni, tana sauya kama har ƙarfinta ya dawo. Giɓin rigakafin ne ke ba ta dama.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gida. Tun 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano don neman ƙwayar, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu jihohi, kuma akwai ɗakunan gwajin shan inna a Ibadan da Maiduguri. Binciken na cikin hujjojin da aka duba kafin a ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar a ranar 25 ga Agustan 2020, shekara 4 bayan ganinta na ƙarshe a Borno. Sai dai irin wadda aka gani a Landan ta ci gaba da ɓulla a arewacin Najeriya bayan wannan sanarwa.

Gwajin na da iyakarsa. Ba ya nuna gida ko suna, sai dai yanki, don haka kuskure ne a ɗora laifi a kan baƙi ko wata unguwa saboda sakamakon kwalba ɗaya. Ruwan sama na iya tsarma samfurin. Sannan ƙauyen da ake amfani da masai ba shi da magudanar da za a ɗiba, saboda haka rashin ganin ƙwayar ba ya nufin babu ita.

Mu mazauna ƙetare kullum muna kan hanya, hutu a gida, biki, Umara ko Hajji, kuma yaranmu na wasa da na ’yan uwa a tsakar gida ɗaya. Shi ya sa Saudiyya ke neman shaidar rigakafin shan inna daga maniyyatan wasu ƙasashe. Kafin ku yanki tikiti, ku buɗe katin rigakafin yaranku, wato jan littafin nan ga mazauna Birtaniya, ku ga ko akwai allurar da aka tsallake. In akwai, ku kira likitan iyali a cike ta kafin ranar tafiya. Shan inna ba ta da magani idan ta riga ta shanye gaɓa.