Bayajida da Asalin Gidan Sarautar Daura

Girgam, wato kundin jerin sarakunan Daura, ya fara ne da mata. Magajiyoyi ne suka riƙe ƙasar tun daga Kufuru, suna zaune a Tsohon Birni, har zuwa kan Daurama wadda ta mayar da fada inda garin yake a yau. A zamaninta ne, in ji ruwayar fada, wani baƙo mai suna Bayajida ya iso.

An ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya sauka Borno ya auri 'yar Mai, da zama ya ƙi daɗi sai ya yi yamma, ya bar matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Da ya shiga Daura da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, ta shaida masa cewa macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya kashe macijin, ya auri Daurama, ta haifa masa Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Da Biram aka cika Hausa Bakwai.

Masana sun yi saɓani a kan wannan baƙo. Wasu sun danganta sunan da Abu Yazid, Ba'ibaden da ya yi wa Faɗimawa tawaye a Ifriƙiyya aka kashe shi a shekarar 947 Miladiyya, suna ganin mabiyansa ne suka tsallako Sahara. Lokacin bai yi nisa da 999 ba, shekarar da aka ƙiyasta wa hawan Bagauda ɗan Bawo a Kano, sai dai kamannin suna bai isa hujja ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci Bawo a matsayin bawan sarkin Borno. Ambaton Bagadaza da Juma'a ma abin lura ne, domin Musulunci bai kafu a fadojin Hausa ba sai wajen ƙarni na 14. Mafi rinjayen zato shi ne masu ruwaya sun yi wa tsohon labari tufafin Musulunci daga baya. Abin da ya fi tabbata a cikinsa shi ne komawar sarauta daga hannun mata zuwa maza.

Zuriyar ta ci gaba da mulki har wajen 1805, lokacin da Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice. Gidan ya rarrabu, wani reshe a Zango, wani a Ɓaure, har Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20. Bayansa aka yi Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sannan Alhaji Umar Faruk Umar.