Bayani a Kan Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Maganinsa Ba da Wuta Ba

Sababin wannan bayani shi ne wani maƙwabcina mai sayar da goro, wanda ya daɗe yana wuni tsaye a rumfa, har jijiyoyin sharaɓarsa suka kumbura, suka nannaɗe kamar igiyar guga. Ya kai ƙafarsa ga wanzami domin a fitar masa da mataccen jini. Da aska ta taɓa jijiyar sai jini ya yi tsartuwa, bai tsaya ba sai da aka kwantar da shi, aka ɗaga ƙafar sama, aka danne wurin da tsumma mai tsabta.

Ku sani, ya 'yan'uwa, jinin nan da ransa. Jinin ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, kuma a cikin jijiyoyinsa akwai waɗansu 'yan ƙyamare masu buɗewa sama kaɗai. Idan suka saki, saboda gado ko tsufa ko ƙiba ko ɗaukar ciki ko doguwar tsayuwa, sai jini ya komo ƙasa ya taru. Daga nan ƙafa ta riƙa nauyi da maraice, fata ta yi duhu kusa da idon sawu, wani ma har ya kai ga gyambo mai wuyar warkewa.

Asalin magani shi ne a toshe jijiyar da ta lalace, sai jini ya koma ga manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka, waɗanda dama su ne ke ɗauke da mafi yawansa. Da can fiɗa ake yi a zare ta. Daga wajen shekarar 1999 aka fara zura siririn bututu a ƙone cikinta, kamar lalas. Wannan hanya tana da kyau, amma tilas a jera wa cinya allurai na kashe zafi, kuma wani lokaci wutar takan taɓa jijiyar ji da ke kusa, fata ta dindiriƙe. Don haka likitoci suka nemo hanyoyi uku da babu wuta a cikinsu.

Ta farko ita ce kumfa. A shekarar 2000 wani likitan Italiya, Lorenzo Tessari, ya bayyana yadda ake kaɗa maganin da iska a tsakanin sirinji biyu har ya zama kumfa. In an yi allurarta sai ta ture jini, ta ci bangon jijiya, jijiyar ta tsuke. Ta biyu ita ce ClariVein, wadda aka yarda da ita a Amurka a 2008: siririyar waya ce mai juyawa kamar maburgi, tana kankare cikin jijiya tana kuma zuba magani. Ta uku ita ce VenaSeal, watau gam na asibiti, wanda aka yarda da shi a can a 2015. Ana ɗiga shi kaɗan kaɗan ana dannawa daga waje har jijiya ta manne. An gwada shi da hanyar wuta a kan mutum 222, bayan wata uku jijiya ta rufu ga 99 cikin ɗari na masu gam, da 96 na masu wuta. Duk ukun ba a sa mutum barci, da ƙafarsa yake komawa gida a ranar.

Amma kada a sayar muku da haja ba a faɗi aibinta ba. Kumfa takan bar tabo baƙi, kuma jijiyar takan sake buɗewa har a maimaita. A wani gwaji na mutum 798 a Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa na shekara biyar a 2019, wuta da fiɗa sun fi kumfa amfani. Gam kuwa yana da tsada, yana zama cikin jiki, wani kuma jikinsa yakan ƙi shi, wurin ya yi ja da ƙaiƙayi.

Saboda haka mai wannan ciwo ya fara neman likita ya duba ƙafar da na'urar sikanin, domin in gudan jini ya toshe jijiyar ciki, rufe ta waje cuta ce. Kafin nan ya yawaita tafiya, ya riƙa ɗora ƙafafunsa bisa matashi in ya kwanta, ya tambayi likita batun safa mai matsewa. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, ya tafi asibiti a wannan rana. Aska da ƙaho kuwa a nisantar da su daga jijiyar nan.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Haza wasalam.