Ɗaure Notin Taya da Awo: Abin da Direba a Greensboro Ya Kamata Ya Sani

Birnin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka mahaɗa ce ta manyan hanyoyi, domin I-40 da I-85 da I-73 duk sun ratsa yankinsa, kuma a nan hedikwatar Volvo Trucks ta Arewacin Amurka take, tare da ta Mack Trucks wadda ta koma can a 2009. Mazauna birnin, ciki har da 'yan Nijar da suka daɗe da zama a cikinsa, da mota suke zuwa aiki kullum, a gudun da kan kai mil 65 a awa, alhali notuna huɗu ko biyar ko shida ne kaɗai ke riƙe kowace taya.

Tok, wato ƙarfin murɗa, shi ne ƙarfin da aka sa a kan sifana idan aka ninka shi da tsawon hannunta. A Amurka da fam-ƙafa ake auna shi, ma'ana nauyin fam ɗaya a ƙarshen sifana mai tsawon ƙafa ɗaya, yayin da yawancin sauran ƙasashe ke amfani da nutan-mita, kuma fam-ƙafa ɗaya ya kai kimanin nutan-mita 1.36. Kowane kamfani yana rubuta adadin da ya dace a littafin motarsa: yawancin Toyota Corolla da Camry suna buƙatar fam-ƙafa 76, wato nutan-mita 103, yawancin Honda Civic da Accord fam-ƙafa 80, sabbin Ford F-150 kuwa 150, sannan manyan motocin dakon kaya sukan kai 450 zuwa 500.

Dalilin wannan ƙayyadewa yana cikin halin ƙarfen kansa. Idan aka murɗa noti, kusar da yake hawa takan miƙe kaɗan, kuma yunƙurinta na komawa yadda take shi ne ke matse wil a jikin mota. Idan ɗaurin ya gaza, wil zai riƙa motsi, ramukansa su faɗaɗa, notunan su kwance ɗaya bayan ɗaya har taya ta fice ana cikin gudu. Idan kuma ya wuce kima, kusar takan miƙe ta kasa komawa, haƙoranta su lalace, ta tsinke daga baya, ko faifan birki ya matsu ba daidai ba har sitiyari ya riƙa rawa duk lokacin da aka taka birki.

Wannan ne ya sa al'adar da aka saba gani wajen masu facin taya a Kano da Maraɗi, ta hawa kan sifana da ƙafa ko ƙara mata bututu, take da haɗari ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, domin mutum mai nauyin kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita yana sa kusan nutan-mita 340, fiye da ninki uku na abin da Corolla ke buƙata. Bindigar iska da garejin Amurka ke amfani da ita tana iya yin irin wannan ɓarna idan makanike bai kammala aikin da sifanar awo ba, wato wadda ake saita ta a kan adadi, ta yi ƙara idan an kai shi.

Tsarin da ya dace shi ne a goge tsatsa da datti daga fuskar wil, a bar haƙoran a bushe ba mai ba giris sai idan littafin motar ya ce a sa, a fara ɗaura kowane noti da hannu, sannan a bi su tsallake-tsallake, daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, domin wil ya zauna daidai. Bayan an sauke mota daga jak sai a kammala da sifanar awo, a tsaya da zarar ta yi ƙara, sannan a sake dubawa bayan tafiyar mil 50 zuwa 100, musamman idan wil ɗin na alminiyom ne. Volkswagen da BMW da Mercedes suna amfani da kusoshi masu shiga jikin mota a maimakon noti, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Direban da ya kai motarsa gareji yana da haƙƙin tambayar adadin da aka ɗaure tayarsa a kai, ya kuma gwama shi da na littafin motarsa kafin ya hau hanya da iyalinsa.