Ƙararrawar da Ta Ƙi Yin Shiru: Fushi da Firgici a Jikin Tsohon Soja

Da wuya a sami gari a ƙasar Kano wanda bai taɓa ba da ɗansa ga aikin soja ba, ciki kuwa har da Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Daga cikin mazan jiya akwai waɗanda Turawa suka kwasa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayansu aka yi Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, sannan aikin ECOMOG da aka fara a Laberiya a 1990 ya kuma kai Saliyo. Daga 2009 kuwa, yaƙi da Boko Haram ne ya ci ƙarfin samarinmu.

Akasarinsu sukan dawo gida su koma gona ko kasuwa lafiya lau. Amma akwai wanda za ka ji ana cewa, "Ai tun da ya dawo ya zama wani iri." Ba ya barcin kirki. Ƙaramin abu ya sa shi ya daka wa yara tsawa. In tayar mota ta fashe a kan hanyar Wudil zuwa Gaya, sai ka gan shi ya faɗi rub da ciki. Jama'a sukan ce iska ce, ko sammu, ko kuwa zafin kai irin na soja. To, mai karatu, ilmin halittu yana da nasa bayani.

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curi da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ana kiran sa amigdala. Aikinsa tamkar na mai gadi ne da ƙararrawa a hannu. Da zarar ido ko kunne ko hanci ya kawo labarin haɗari, sai ya kaɗa ta tun kafin mutum ya yi tunani. Nan take saƙo zai bi jijiyoyi zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, hanta ta saki sukari, jini ya bar hanji ya koma ga tsokar hannu da ƙafa. Wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan shiri a 1915, wato shirin jiki na faɗa ko gudu. Duk ɗalibin da ya taɓa cin karo da maciji a gona ya san shi.

Bayan haɗari ya wuce, sassa biyu ne ke da alhakin kwantar da mai gadin. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke auna al'amari ya yanke cewa babu komai. Ɗayan kuwa, hifokamfus, shi ne magatakarda: yakan ajiye abin da ya faru tare da wurinsa da lokacinsa, domin a san cewa na jiya ne.

Sojan da ya yi watanni a daji, yana barci da takalmi a ƙafa, ƙararrawarsa ta koyi bugawa da wuri, kuma wannan ne ya tsare masa rai. Ta haɗa ƙarar babur da hari, ta haɗa warin hayaƙi da gawa, kamar yadda karnukan Pavlov suka haɗa wata ƙara da abinci. Matsalar ita ce, ga wasu, ba ta daina ko bayan an tuɓe kaki. Hotunan ƙwaƙwalwar masu wannan lalura sun nuna amigdala tana aiki fiye da kima, sashen gaba kuma ya yi sanyi. Shi ya sa harbin bindigogin gargajiya a hawan Salla zai mai da mutum fagen fama, ya ji abin yana faruwa yanzu-yanzu. An kuma ga cewa hifokamfus ɗin wasunsu ya fi na sauran mutane ƙanƙanta. Sai dai a nan a yi hattara: binciken da aka buga a 2002 kan tagwaye, ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗaya bai je ba, ya nuna shi ma wanda ya zauna gida nasa ƙarami ne. Ke nan mai yiwuwa ƙanƙantar ta riga yaƙin.

Likitocin Ingila sun ga irin wannan a Yaƙin Duniya na Farko, suka ɗauka girgizar bama-bamai ce. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba shi sunan da ake taƙaitawa da PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali. Ana kiran sa haka ne in alamun sun haura wata guda kuma suna hana mutum harkarsa: mugun mafarki, gudun duk abin da ke tuna masa, zabura, da jin ya yi nisa da iyalinsa. Ba na soja kaɗai ba ne. Wanda ya tsira daga haɗarin mota ko hannun masu garkuwa yana iya kamuwa.

Fushin kuwa rabin shirin nan ne na Cannon, wato ɓangaren faɗa, ga rashin barci da ke ƙara raunana sashen gaba. Shi ciwon damuwa mai tsanani sau da yawa tare suke zuwa: mutum ya daina jin daɗin komai, ya ƙaurace wa majalisa, ya riƙa tuhumar kansa don me ya rayu abokinsa ya mutu. Wasu sukan nemi sauƙi a wiwi ko taramol. A ganina wannan ita ce hanya mafi muni, domin sauƙin na awoyi ne, barcin kuma sai ya daɗa lalacewa.

Abin farin ciki, ƙwaƙwalwar da ta koyi tsoro tana iya koyon aminci. Maganin da ya fi samun shaidar bincike shi ne zama da ƙwararren masanin halayya, wanda zai bi da mutum ta cikin labarin daki-daki, mako bayan mako, har sashen gaba ya sake karɓar linzami. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sataralin, waɗanda likita kaɗai ke rubutawa, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Mutumin Gaya ko Ajingi zai iya farawa daga Babban Asibitin Gaya, daga nan a tura shi Asibitin Dawanau ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin mai lalura da hana nuna masa wariya. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba kishiyoyin juna ba ne.

Shi kansa tsohon sojan yana da abin yi. In ya ji zuciya ta fara dukan uku-uku, ya bar wurin, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Hakan na motsa jijiyar begas, wadda ke rage gudun zuciya. Koyarwar addini ta cewa mai fushi ya zauna ko ya yi alwala ta dace da wannan. Aikin ƙarfi da rana, lokacin kwanciya guda, da barin goro da shayi bayan la'asar duk suna taimaka wa barci. Hira da wanda ya taɓa sa kaki, alal misali a ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, takan buɗe bakin da iyali suka kasa buɗewa.

Iyali kada su tilasta masa ba da labari, kada su tashe shi daga barci da girgiza, a kira sunansa daga nesa. Lalurar ba ta halatta masa dukan mata ko 'ya'ya ba. In abin ya kai can, sai manya su shiga. In kuwa ya fara zancen gara ya mutu, a kawar da makami da fiya-fiya da maganin feshin gona, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Malamai su ma su lura. Yaron da ke gyangyaɗi a aji, ko yake zabura in an buga tebur, wataƙila ya kwana ne yana jin ihun mahaifinsa cikin mafarki. Kafin a ɗauko bulala, a kira shi gefe a tambaye shi yadda aka kwana a gida.