Ƙurar Ɗakinki: Daga Ina Take, Kuma Me Ke Cikinta?

Sau nawa kika yi shara da safe, kika goge kwanukan jerenki har suna ƙyalli, amma kafin la'asar kin iya rubuta sunanki da yatsa a kan kabad? Wata ta ɗora laifin a kan yara, wata kuma a kan 'yar aiki. Gaskiyar magana ita ce ƙura ba abu ɗaya ba ce, gauraye ne na abubuwa da yawa, kuma idan kin san asalin kowanne za ki gane wanda ƙazanta ce kawai da wanda zai iya taɓa lafiyar ɗanki.

Mu fara da baƙuwar da ta fi kowa nisa. Farin hazon da ke rufe Birnin Gwari daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, har ki kasa hango bishiyoyin dajin Kamuku, mafi yawansa daga ƙasar Chadi yake tasowa, a wani kwari da ake kira Bodele, fiye da kilomita 1,000 daga ƙofar gidanki. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani babban tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farin gari na ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Shi ne iskar hunturu ke kwasowa, har wani ya tsallake teku ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Wanda ya tsallake teku kuwa, labulen tagarki ba zai tare shi ba.

Sai ta kusa: jar ƙasar hanya da manyan motocin Kaduna da Funtuwa ke tayarwa, ƙaiƙayin sussukar masara da dawa, tokar ƙunar daji, da busasshen kashin kaji da awaki na tsakar gida. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arizona ta Amurka a shekarar 2009 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙurar cikin gida daga waje take shigowa, ta iska ko a tafin takalmi.

Ragowar kuwa mu ne da kanmu. Fatar ɗan Adam kullum tana zubar da ɓurɓushi, ga gashi, ga zaren zannuwa da katifa da darduma, ga ɓaraguzan abinci, ga baƙin hayaƙin itace da gawayi daga murhu. A cikin katifa da matashin kai akwai wasu ƙwari da ido ba ya gani, abincinsu shi ne wannan ɓurɓushin fatar. Ba sa cizo, amma kashinsu na tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Sun fi yawa da damina domin suna son laima.

Amma 'yar uwa, akwai ƙurar da ta fi duk waɗannan haɗari, kuma ta shafe mu domin ƙasar Birnin Gwari ƙasar zinare ce. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega. Ba annoba ba ce. Duwatsun zinare ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, alhali akwai dalma a cikinsu. Garin ya bi ƙasa, ya bi tabarma da kwanon abinci, yara masu rarrafe suka riƙa kai shi baki. A 2015 abin ya maimaitu a Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, inda yara 28 suka rasu. Dalma ba ta da wari, kuma ido ba ya bambance dutsen da ke da ita. Yaron da ya tsira ma tana iya bar masa rauni a ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa.

Don haka idan maigida ko ɗanki na zuwa haƙar zinare, ki zauna da shi cikin ladabi ki faɗa masa wannan labarin. Kada dutse ko buhunsa ya shigo gida, kada a ari turminki ko taɓaryarki don daka shi. Ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban, nesa da rijiya da madafi. Idan yaro ya fara amai da ciwon ciki da yawan kasala, ko jijjiga, ki garzaya asibiti ki faɗa wa likita irin sana'ar gidan. Kada ki tsaya cewa iska ce ko mayu.

Ga sauran ƙurar kuwa, dabarun ba su da tsada. Ki yayyafa ruwa kafin ki sa tsintsiya, domin busasshiyar shara tashin ƙura take yi, ta koma ta sauka bayan kin gama. Ki fitar da jariri da mai asma kafin ki fara. Ki yi goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Ki riƙa shanya katifa da matasai a rana, ki wanke zanin gado duk mako. Ki rufe randa da abinci, ki wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci, domin shi ya fi kowa kusa da ƙasa.

Ba za ki raba ɗakinki da ƙura gaba ɗaya ba, don haka kada ki zargi kanki idan kin gan ta da yamma. Wadda za ki tsaya wa tsayin daka ita ce ta dutsen zinare. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin.