Yadda Ake Tabbatar da Takardun Shaida Domin Ƙasashen Waje

Ana sanar da jama'a, musamman 'yan kasuwa da ɗalibanmu mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, cewa takardar shaidar da aka bayar a Nijeriya ba ta da ƙarfi a wata ƙasa sai an tabbatar da ita. Dalili kuwa, ma'aikacin da ke zaune a Alƙahira bai san sa hannun shugaban wata makaranta ta Fatakwal ba. Hatimin ofishin jakadancin ƙasarsa ya sani, shi kuma wannan ofishi hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje tamu ya sani.

A shekarar 1961 waɗansu ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na ƙasar Holan, cewa hatimi guda ya wadatar a tsakaninsu. Saudiyya ta shiga a 2022. Nijeriya ba ta ciki, saboda haka tilas mu bi doguwar hanya, kuma bi da bi.

Takardar makaranta, ko ta sakandare ko ta jami'a, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja ake fara kai wa. Daga nan sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da za a tafi. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, za a komo da shi baya. Takardar haihuwa kuwa ta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ake nema, bisa dokar 1992. Yaron da aka haifa a Fatakwal, a nan ake yi masa rajista, ba sai an je Kano ko Katsina ba. Wanda ya girma ba shi da rajista, sai ya yi rantsuwar shekaru a Babbar Kotu, hukumar ta ba shi takardar shaida.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne wajen suna. Mutum ɗaya, a fasfo Muhammad, a takardar makaranta Mamman, a ta haihuwa kuma akawun da bai ji Hausa ba ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. A unguwa duk ɗaya ne, amma a gaban jakada mutum uku ke nan. Lalle ne a gyara wannan tun a gida, watau a yi rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, kafin a kashe kuɗin mota zuwa Abuja. Mai haƙuri da wannan ƙaramin aiki ya tsira da gurbin karatunsa.

Kada a ba dillali asalin takarda don ya ce yana da hanya. Kuɗin aikin a asusun gwamnati ake biyansa, a karɓi rasiɗi. In ƙasar da za a tafi da Larabci ko Faransanci take aiki, a tambayi ofishin jakadancinta tun da wuri irin fassarar da suke karɓa.